Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Gidan Rothschild da Tsintsiyar Alhaji

Tun da kashin makon jiya ya fita, 'yan gida ke bugo min waya wai na tona asiri a kan rabon shagunan mahaifinmu Alhaji. Ban tona komai ba. Duk Kwari an san wanda ya sayar da nasa kason tun ba a yi sadakar arba'in ba. Alhaji kuwa, Allah ya jiƙansa, ba ya tashi daga cin tuwon dare bai ce mana "tsintsiya maɗaurinki ɗaya" ba, har muka riƙa jin maganar kamar sallama.

Ban san nauyinta ba sai da bankin da nake wa aiki ya tura ni kwas Landan a shekarun 1980. Malaminmu ya bi da mu wani siririn lungu, St Swithin's Lane, ya nuna wani gini ya ce nan ne ofishin bankin N M Rothschild, kuma a ciki ake yanke farashin zinariya sau biyu kullum. Wakilan kamfanoni biyar ke zama, kowa da 'yar tutar Ingila a gabansa, wanda bai gamsu da farashi ba sai ya ɗaga tasa. Daga 1919 har 2004 a nan ake yi. Tambarin gidan kibau biyar ne a ɗaure wuri ɗaya. Ina ganinsa na tuna mu biyar ne maza a gidan Alhaji, ƙirjina ya yi nauyi.

Kakan 'yan gidan Rothschild, Mayer Amschel, an haife shi a 1744 a Frankfurt ta Jamus, a unguwar da aka killace Yahudawa, wadda ake kulle ƙofofinta da dare da ranar Lahadi. Da cinikin tsofaffin sulalla ya fara, har ya zama mai juya kuɗin Wilhelm, sarkin Hesse. Sai 'ya'yansa biyar suka bazu: Amschel ya riƙe gida, Salomon ya tafi Vienna, Carl Naples, James Faris, Nathan Ingila. Shi Nathan ɗin da fataucin yadi ya soma a Manchester a 1798, sana'ar gidanmu ke nan. Abin da suka fi kowa shi ne wasiƙa. Kusan kullum suna rubuta wa juna, da 'yan aikensu na kansu, kuɗin ɗaya kuma na duka ne. Shi ya sa lokacin yaƙin Napoleon gwamnatin Ingila ta nemi Nathan ya haɗa zinariyar biyan sojojin kwamandanta Wellington a 1814 da 1815, don yana da ɗan'uwa a kowace kusurwa.

Tsohon ya rasu a 1812, ya bar wasiyya cewa kasuwanci na 'ya'ya maza ne, surukai ba su da hurumin duba littafin lissafi. Suka kuma dage da auren zumunci. Ban yarda da cire mata ba, addininmu ya ba su kasonsu, kuma ni na tsaya har Yaya Babba ta karɓi nata. Amma batun suruki da littafi, da Alhaji ya bar irin wannan magana a rubuce, da wani bai zo ya zauna mana a bakin shago yana kaɗa makulli ba. Ya san kansa, kuma na san yana karanta wannan shafin. Tsintsiya maɗaurinki ɗaya, shi ne ya fara kunce ta.

Ƙarfin da suka yi a siyasa ƙarfin mai ba da bashi ne a zamanin da gwamnatoci ba su da inda za su je. A 1835 Nathan da Moses Montefiore suka haɗa wa gwamnatin Ingila bashin fam miliyan 15 don biyan diyya bayan soke bauta, diyyar kuma iyayengijin bayi aka ba, bayin ba su ga ko anini ba. A 1875 Khedive Isma'il na Masar ya shiga matsi zai sayar da hannun jarinsa na mashigin Suez, majalisar Ingila tana hutu, sai Firayim Minista Disraeli ya aika wa Lionel ɗan Nathan, ya ba da bashin fam miliyan 4 aka saya. Shekara bakwai bayan nan sojan Ingila suka shiga Masar. Kuɗinsu kuma ya taimaka wa Cecil Rhodes ya haɗe ma'adinan lu'ulu'u na Afirka ta Kudu. Wannan duk ya faru, kuma Afirka ta ji a jikinta.

Sai dai wannan Lionel ɗin, mutanen Landan sun zaɓe shi ɗan majalisa a 1847, aka hana shi zama saboda ya ƙi rantsuwa da kalmomin addinin Kirista. Sai 1858 ya hau kujerarsa. Shekara goma sha ɗaya yana bakin ƙofa, da duk dukiyarsa.

Na kawo wannan ne saboda ɗan ƙanena, ɗan mai sayar da shagon, wanda ke cika mana zauren WhatsApp na gida da cewa wai su ne ke da duk manyan bankunan duniya har da namu. Yaro, Babban Bankin Najeriya dokar 1958 ce ta kafa shi, ya fara aiki a Yulin 1959, mallakar gwamnatin tarayya ne. Labarin da kake yaɗawa na cewa Nathan ya yi arziki da yaudarar kasuwa lokacin yaƙin Waterloo da aka ci Napoleon, wata takardar ƙiyayya ce ta baza shi a Faris a 1846, 'yan Nazi suka ɗauka daga baya. Su 'yan Nazin da suka shiga Vienna a 1938 sun ƙwace bankin gidan, suka tsare Louis Rothschild fiye da shekara guda. Reshen Naples an rufe shi tun 1863, na Frankfurt a 1901 da aka rasa ɗa namiji, na Faris kuwa gwamnatin Mitterrand ta mayar da shi na ƙasa a 1982. Sun sake tashi, har Macron ya yi musu aiki kafin ya mulki Faransa, amma yau akwai bankunan Amurka da suka ninka su nesa ba kusa ba.

Batun Falasɗinu yana ci min rai kamar kowa, kuma ba zan rufe shi ba. Edmond na Faris ya zuba kuɗi a matsugunan Yahudawa tun 1882, wasiƙar Balfour ta 2 ga Nuwamba 1917 kuma, wadda a cikinta Ingila ta goyi bayan kafa wa Yahudawa mazauni a Falasɗinu, Walter Rothschild aka rubuta wa. A wannan watan dai wani ɗan'uwansa, shi ma Lionel, ya jagoranci ƙungiyar Yahudawan Ingila masu adawa da kafa ƙasar Yahudawa a can. Walter ɗin nan shi ya ɗauki nauyin Angus Buchanan, baturen da ya bi hanyar Kano zuwa Damagaram har Agadas wajen 1920 yana tara masa tsuntsaye.

Da na dawo daga Landan na tara 'yan'uwa a zauren Alhaji na ce mu haɗa shaguna biyun da suka rage, littafi ɗaya, asusu ɗaya. Na maimaita musu maganar Alhaji. Biyu suka yarda, ɗaya ya ce sai ya yi shawara da surukin nan. Amsar da ya dawo da ita, da yadda shagon layin atamfa ya fita hannunmu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.