Sitabilaizar baya a Mustang ta 1966: inda aiki ya kai

'Yan'uwa masu koyo, ƙarfen sitabilaiza, wato sandar da ke rage wa mota kwanciya a kwana, ya hau bayan motar Mustang ɗin nan ta 1966, an kuma yi gwajin farko. Ga yadda aka bi da aikin, da dalilin da ya sa muka ɗauki siririn ƙarfe alhali mai kauri na nan a kasuwa.

Mustang ta 1965 da ta 1966 ba su fito daga Ford da sitabilaiza a baya ba. Ta gaba kaɗai gare su, mai kaurin inci 5/8 a ta gama-gari, 13/16 a mai alamar GT. Ko Mustang ɗin Shelby GT350 ta 1965, da aka shirya domin tsere, inci 1 aka sa mata a gaba, aka bar bayan haka nan. Da Ford ta zo sa wa Mustang ɗin Boss 302 ta 1970 ƙarfen baya, rabin inci kawai ta sa. Ba rowa ba ce. Sifirin ɗin baya na falle-falle ne, irin na a-kori-kura, shi da kansa yana hana mota kwanciya a kwana. In aka ƙara masa ƙarfe mai kauri, sai bayan ya fi gaban tauri, kuma ɓangaren da ya fi tauri shi ne tayoyinsa ke fara sakin titi. Mota mai nauyin injin V8 a hanci takan ƙi kwana, gaban ya zarce. Wannan da sauƙi, ka ɗaga ƙafa daga totur ta dawo hanya. Wadda bayanta ke kwashewa kuwa ba ta sallama.

Lissafin da ya kamata ku riƙe shi ne taurin ƙarfen nan ba ya tafiya daidai da kaurinsa, sai an ninka kaurin da kansa sau huɗu. Daga 5/8 zuwa 3/4, wato milimita 16 zuwa 19, ido ba ya ganin wani bambanci, amma taurin ya ninka biyu. Daga 5/8 zuwa inci 1 ya haura ninki shida. Saboda haka muka fara da gaba, aka sa inci 1, sannan aka ba baya 5/8. Wanda ya bar gabansa a 5/8 ya ɗora 3/4 a baya, ya tsokano tsuliyar dodo.

Kafin a kama sifana an duba sifirin ko ya zauna, da bushin ɗinsa, wato robobin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe, da shokozoba. Sitabilaiza ba ta gyara mataccen shokozoba, ɓoye shi take yi.

Irin da muka sa a jikin aksul ake ɗaure ta, da maɗaurai biyu masu siffar U, hannuwanta biyu kuma su haɗu da jikin mota ta gajerun sanduna masu bushin sama da ƙasa. An hau da tayoyin baya kan gadar gareji, ba a ɗaga jikin da jak ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: in aksul na reto a iska kuka auna, da an sauke mota komai zai goce. Aka shafa wa bushin giris, aka rataya ƙarfen sako-sako, aka auna daga kowane gefe har ya zauna tsakiya. Bushin na roba mai taurin nan, wato foliyuritan, giris ɗin silikon yake so, wanda kan zo tare da kayan. Da busasshe ne, ƙugi zai dame ku a kowane rami.

Wurin da aka fi ɓata lokaci shi ne bututun birki. Yana kwance ne a jikin aksul, daidai inda maɗaurin zai bi. Maɗaurin ta ƙarƙashinsa zai wuce, tsakaninsa da aksul, ba ta kansa ba. A saki ɗan abin da ke riƙe bututun, a ɗaga shi da hannu a hankali, kada a lanƙwasa. In noti ya matse shi, ko dai birkin gefe ɗaya ya ragu, ko gogayya ta huda shi bayan an manta da zancen. Sai salansa. Mai salansa biyu ya lura da inda suke haurawa kan aksul, a bar aƙalla faɗin yatsa biyu, a kuma sa mutum biyu su danna but a ga ko wani abu na taɓa wani.

Huda jiki ya zo a ƙarshe. Mustang ba ta da shasi dabam, ginshiƙan da ke ƙarƙashinta faranti ne aka naɗe, cikinsu fanko, ga shekaru, ga tsatsa. A ƙwanƙwasa da guduma tukuna, in ya yi taushi mai walda ne zai fara aiki. Mun daidaita hannun ƙarfen ya miƙe daidai da ƙasa, sandar ta tsaya cak, sannan aka yi alama. An fara da ƙaramin bakin injin huda, aka buɗe zuwa inci 3/8. Ku leƙa bayan wurin kafin ku huda, tankin mai a motar nan shi ne daɓen but, ga bututun mai, ga wayoyi. A cikin ginshiƙin an zura ɗan guntun bututun ƙarfe da noti zai bi ta ciki, aka sa faranti mai kaurin milimita 3 a baya. Ba tare da su ba, noti zai murƙushe ginshiƙin, daga baya ya yage shi.

Ɗauri duka da nauyin mota a kan taya aka yi. Notin sandunan ba da ƙarfi ake cin sa ba: a juya har bushin ya kumbura ya kai faɗin washa, a tsaya nan.

Gwaji a fili babu kowa aka yi, ana zagaye ana ƙara gudu kaɗan-kaɗan. Kwanciyar ta ragu, hancin ya fi saurin amsa sitiyari. Da aka saki totur a tsakiyar kwana bayan ya ɗan motsa amma bai kwashe ba. Abu ɗaya ya bayyana: a matsattsiyar kwana tayar ciki ta baya tana yin sauƙi, in aka taka sai ta yi ta juyawa a banza. Ƙarfen namu mai huda uku ne a hannu, don haka an mayar da sandar hudar ƙarshe, domin dogon hannu ya fi taushi.

Masu kunkuru, wato Volkswagen Beetle irin wadda aka riƙa haɗawa a Legas, kada ku kwafi wannan. In taku mai aksul ɗin da ke lilo daga giyabos ce, ƙara wa baya tauri yana sa tayar waje ta shige ƙarƙashi. Gyaranta dabam ne.

Abin da ya rage: a sake bin notocin maɗauran bayan kilomita 100 na farko, sannan a maimaita gwajin a jiƙaƙƙen fili, da cikakken tanki da kuma rabi.