Na jira tuffa ta yi ja, ta zama gari

Shekara huɗu ina renon bishiyar tuffa biyu a tsakar gidanmu a Ɗa'if ta ƙasar Saudiyya, ɗaya irin da ake kira Anna, ɗaya Dorsett Golden don ƙudan zuma su haɗa furensu. Anna ba ta buƙatar sanyi mai yawa, awa 200 zuwa 300 na sanyin hunturu sun ishe ta. Bana ta yi 'ya'ya har rassa na sunkuyawa, ni kuma da hannuna na ɓata su.

Idona ya saba da tuffar kanti, ja wur. Tun farkon Yuni maiɗakina ke cewa, "Malam, ka tsinki ɗaya mu ɗanɗana mana." Na ce ba ta nuna ba, ai ko ja ba ta yi ba. Na ƙara mako uku. Ranar da na gatsa, babu ƙaras ɗin nan, babu ruwa, tsamin ya gudu. Sai gari-gari a baki kamar dafaffen dankalin da ya kwana. Kwando biyu cur!

Da na hau Shafa, wani gari a kan duwatsu kusa da Ɗa'if, gaida baffana, wanda ya daɗe yana aikin gona a can, ya miƙo mini Anna tasa: kumatunta ja, ga zaƙi ga ɗan tsami mai daɗi. Iri ɗaya fa da tawa. Na ce, "Baffa, wane taki kake sa mata?" Ya ce, "Ɗana, ba taki ba ne, darenku ba irin namu ba ne."

Shafa ta haura mita 2,000, ta ɗara cikin garin Ɗa'if tudu. Hasken rana da sanyin dare ke sa fatar tuffa ja. In dare ya yi ɗumi, jan ba ya fitowa sosai, ita kuma tana ta ƙona tsaminta tana laushi. Ga shi na dasa tawa jikin katangar bulo mai shan ranar yamma. Da na dawo na dafa katangar ƙarfe goma na dare, da ɗuminta.

Baɗi in Allah ya kai mu, da koren ya fara komawa rawaya zan yanka ɗaya. In ƙwayar cikin ta yi ruwan ƙasa, a tsinke, a sa a firji, don Anna ba ta jure ajiya. Makonni ukun nan har yanzu suna ci mini rai. Kwandunan biyu tumakin maƙwabcinmu suka cinye.