Kafin ka gangaro daga tsaunin Shere a kan keke

Duk shekara idan sanyin Jos ya kankama a watan Disamba, kafaɗata ta dama ce ke fara sanar da ni. Ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa ne ya karye mini a wata gangara da ke gefen tsaunukan Shere, na yi kusan wata biyu ba na iya ɗaga buta da wannan hannun. 'Yan dubiya kowa ya zo sai ya ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara. Amma a kwancen nan na samu lokacin lissafi, kuma duk abin da ya kai ni ƙasa ranar, da hannuna na shirya shi. Yanzu idan na ga samari da safiyar Asabar sun nufi hanyar Lamingo a kan kekuna masu kaurin taya, raina yana yin fari, gabana kuma yana faɗuwa, domin kaina nake gani a cikinsu. Ƙannena, ku nake yi wa wannan magana.

Tsaunukan Shere suna gabas da Jos da kimanin kilomita 10, ƙololuwarsu ta kai mita 1,829, shi kuwa garin yana wajen mita 1,200. Sabon shiga hawan yake tsoro. To hawa, iyakarsa numfashi ya ƙare, cinya ta ɗau zafi, ka sauka ka tura. Ban taɓa ganin wanda hawa ya kai asibiti ba. Gangara ce ke karya mutum, kuma ita ce babu wanda ke zama ya koya, don kowa gani yake ai sakin keke ne kawai.

Kekena na farko na dutse a gwanjo na saye shi. Na duba fenti, na duba giya, na danna shokozoba na ga tana lotsawa, na biya. Abu ɗaya na lura da shi a kan kwalta na yi biris: birkin a juye yake. Ni da na tashi a kan Raleigh na mahaifinmu, sannan na hau babur, hannuna ya saba birkin gaba yana dama. Haka kekunan Ingila suke. Na Amurka da na yawancin ƙasashen Turai kuwa, hagu ne gaba, dama ne baya, kuma gwanjo daga ko'ina yake zuwa mana. Na ce zan saba. Ranar da wani dutse ya ɓullo mini bayan kwana ina tsakar gudu, hannu bai tsaya shawara da ni ba, ya koma abin da ya sani tun yarinta. Na damƙe hagu da ƙarfina duka ina nufin tayar baya, tayar gaba ta ƙame, keken ya tsaya, ni na wuce ta saman kansa. Idan ka sayi keke, tun a wurin ka ɗaga gaban ka juya tayar, ka matsa kowane hannu ka gani. In bai dace da sabonka ba, mai gyaran keke zai sauya maka wayoyin cikin 'yan mintuna. Mai birkin mai ne kawai sai an nemi wanda ya san aikinsa.

Bayan na warke sai na faɗa wani kuskuren, na ƙaurace wa birkin gaba gaba ɗaya. A kan tsakuwar rani tayar baya ta riƙa kullewa tana jan ƙasa, keken yana karkacewa, ba ya tsayawa. Dalili kuwa, idan kana gangara nauyi gaba yake komawa, don haka mafi yawan ƙarfin tsayawa yana tayar gaba. Abin da ake so shi ne yatsa ɗaya ko biyu a kan kowane birki, ka matsa su tare a hankali kamar mai tatsa, ba fizga ba. Ka rage gudu kafin kwana, kafin dutse, a inda ƙasa ke da riƙo. In ka shiga wurin sai ka sassauta, ka bar taya ta mirgina, don taya mai juyawa ce ke hawa kan dutse, kullalliya cin karo take yi. Kafin doguwar gangara ka tsaya ka sauke sirdi ƙasa, ka miƙe a kan feda ƙafafu a daidaice, ƙugu ya ɗan ja baya, gwiwar hannu da ta ƙafa a lanƙwashe. Idonka kuma ya tsaya a inda kake son bi. Dutsen da ka ƙura wa ido, shi za ka doka. Na gwada wannan fiye da sau ɗaya.

Birki yana ɗaukar zafi, wannan ma ku sani. Waɗanda suka fara wannan wasa a tsaunukan Marin da ke Kalifoniya ta Amurka, tseren gangarar da suka soma a 1976 sun raɗa masa suna Repack, wato sake cusawa, saboda kafin tsofaffin kekunansu su iso ƙasa man giris na cikin birkin baya ya ƙone, sai an sake cusa wani. Wasan ya yi nisa tun daga lokacin, har ya shiga gasar Olamfik a 1996, kekunan ma sun canza, amma zafin yana nan. Wanda ya riƙe birki tun daga sama bai saki ba, zai ji yana raguwa a hannunsa daidai lokacin da ya fi bukatarsa. Matsa, saki, matsa. Kada kuma ka taɓa faifan birki da hannu bayan ka sauko, ƙuna yake yi.

Iskar taya ba ta bukatar dogon bayani. Mai faci na bakin titi zai cika maka ita tam kamar ta mai bin kwalta, a kan dutse kuwa irin wannan tsalle take yi, ba ta kama ƙasa. Tsakanin 25 da 35 a PSI, wato ma'aunin ƙarfin iskar taya, ya wadatar da yawancin mutane, gwargwadon nauyinsu. In ta yi laushi da yawa kuma, bakin dutse zai matse tub ya yi masa huda biyu kamar saran maciji. Tub na ajiya, famfo da kayan faci kada su bar jakarka.

Akwai kuskuren da bai fasa mini fata ba, amma ya fi karayar damuna. A Turai ana gina wa keke hanyarsa a tsauni, a kafa alama mai launi: kore ga mai koyo, sai shuɗi, sai ja, baƙi ga gwanaye. Mu a nan babu wannan. Turbar da kake bi ta mutanen Afizere ce da ke zaune a gindin duwatsun, matansu na sauko da itace a kanta, yaransu na zuwa rafi, wani wurin kuma burtalin shanu ne. Kai baƙo ne a kanta. Wata rana a ƙarshen damina na ga wani fili kore shar, na ɗauka ciyawa ce, na yanke ta ciki don rage hanya. Gonar acca ce. Wanda bai san acca ba, ba zai bambanta ta da ciyawa ba kafin ta nuna. Wani dattijo ya tsayar da ni, bai ɗaga murya ba, ya nuna mini layin da tayata ta kwantar tun daga wancan gefe. Na ce, "Baba, a gafarce ni, ban sani ba," na ciro kuɗi. Ya ƙi karɓa. Ya taka da ni ya nuna mini inda turba ta zagaya. Abincin gidansa na bi ta kai don nishaɗina, kuma har yau in na tuna kunya nake ji.

Tun daga ranar, duk ƙauyen da zan ratsa sai na sauka na cire tabarau na yi gaisuwa, in da hali na nemi mai unguwa. Filato ta ga rikice-rikice, kowa ya sani, kuma mutum ya ɓullo daga daji shiru fuska a rufe abu ne mai tayar da hankalin jama'a. Ka tambayi halin da yanki yake ciki kafin ka fita, ka tambayi inda ba a shiga, don wasu duwatsun da kurmi suna da alfarma a wurin masu su. Su ne kuma za su gaya maka inda rami yake. Haƙar kuza da Turawa suka faɗaɗa tun farkon ƙarni na 20 ta bar kududdufai masu zurfi da ramuka, musamman ta wajen Bukuru, Rayfield da Barikin Ladi, wasu ciyawa ta rufe bakinsu. Shingen ƙyarana da ke kewaye da gidaje da gonaki shi ma ka ba shi tazara, farin ruwansa in ya shiga ido masifa ne. In ka haɗu da mai kaya a ka, ko garken shanu, kai ne za ka tsaya ka ba da hanya.

Ranar da na faɗi ni kaɗai ne, babu wanda ya san inda na nufa, waya kuma ba ta kama sabis a cikin kwarin. Hular kwano tana gida, wai zafi take sa ni. Allah ne ya tsare, kaina a kan ƙasa ya sauka, dutsen yana gefe da ɗan taki. Wasu mata biyu da suka fito itace ne suka same ni, ɗaya ta riƙe ni, ɗaya ta tura keken har bakin hanya. Kada ku fita ƙasa da mutum biyu, uku ya fi, don ɗaya ya zauna da wanda ya ji rauni ɗaya ya nemo taimako. Ku faɗa a gida inda za ku da lokacin dawowa. Wanda ya bugu a kai, in ya fara amai ko barci na fizgarsa ko magana ta rikice masa, asibiti nan take. Karaya ma a fara ɗaukar hoto kafin a yi zancen ɗori. Hular da ta sha bugu mai ƙarfi kuwa ta gama aikinta ko da ba a ga tsaga ba.

A watan Agusta falalen dutse yakan jiƙe, gansakuka ta hau shi, santsinsa kamar an shafa sabulu, kuma idan hadari ya haɗo tsawa ba ta da wasa a kan dutse tsirara, ku sauko tun da wuri. Ni na fi son ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ƙasa ba ta gama sakewa ba, hazo bai rufe gari ba.

Ku fara da hanyoyin jar ƙasa na kewayen madatsar Lamingo. Ku sami ƙaramar gangara ku maimaita ta sau ashirin har yatsunku su san birki ba tare da tunani ba. Duk gangarar da ba ku sani ba, ku ajiye keke ku taka ta da ƙafa tukuna, ku ga abin da ke bayan kwana. Ni na koma wurin da na faɗi bayan shekara guda, kuma ina bin turbar har yanzu. Dutsen yana nan inda yake. Idan na iso kwanar nakan sauka in tura keken kamar taki ashirin, sannan in sake hawa.