Asabar da dare, na ƙarasa The Jungle

Yau dai Allah ya yi na ƙarasa littafin nan The Jungle na Upton Sinclair, kusan sati uku ina jan shi. Tun azahar ba wuta, zafi ya hana barci, sai na shimfiɗa tabarma a zaure na ɗora daga inda na tsaya.

Gaskiya Jurgis, jarumin labarin, ya ban tausayi. Mutum ya kwaso iyali tun daga Lituwaniya zuwa Chicago wai zai samu rufin asiri a kamfanonin yanka dabbobi, ƙato majiyin ƙarfi, duk masifar da ta taso sai ya ce zai ƙara himma a aiki, sai ka ce himmar ce ta yi kaɗan. Aka cuce su a cinikin gida, ashe akwai kuɗin ruwa da ba wanda ya gaya musu, ya gurɗe a wurin aiki aka ba wani gurbinsa, matarsa Ona ta rasu wurin haihuwa, ɗansu Antanas kuma ya nutse a taɓon titi. Wurin yaron nan sai da na ajiye littafin na fita shan iska.

Ƙarshen ne bai yi min ba. Tunda Jurgis ya faɗa taron 'yan gurguzu labari ya mutu, sai jawabi kan jawabi kamar lacca, na tsallake shafuka wallahi.

Bayan isha'i Yaya ya shigo da tsire. Ina kai hannu sai na tuno wurin da ake kwasar ruɓaɓɓen nama har da matattun ɓeraye a zuba cikin injin niƙa, na janye hannuna. Umma ta ce kai kuma lafiya? Na ce lafiya lau Umma, na ƙoshi ne.

Daga baya abin ya ban dariya, don haka Amurkawa suka yi da littafin ya fito a 1906. Sinclair ya yi sati bakwai cikin ma'aikatan don ya nuna wahalarsu, amma mutane naman da suke ci ne ya dame su, a shekarar Shugaba Roosevelt ya sa hannu a dokar duba nama da ta tsabtar abinci da magunguna, su leburorin kuwa ko oho. Sinclair da kansa ya ce zuciyar jama'a ya auna sai ya samu cikinsu. To ni ma ga shi.

Autanmu dai ya cinye rabona tas, har da yajin.