Kukan na'ura da dila goma sha biyu

Ƙannena, a farkon 2024 na zuba kuɗin dila goma sha biyu ta atamfa a wani rami da ban taɓa gani da idona ba. Na ɗauki alƙalami ne saboda na ji wasunku a Kantin Kwari sun fara irin zancen da nake yi a lokacin.

Wani mutum ne ya same ni a shago bayan la'asar, ta hannun wani abokin ciniki da muka daɗe tare. Ya kwance ƙullin leda, ya fito da dutse kamar dunƙulen hannu, ruwan toka mai ratsin rawaya, ya kara masa wata 'yar na'ura. Nan take ta hau ƙas-ƙas-ƙas kamar gugguru a kasko. Ya ce daga wani daji ne can gabas, inda mota ba ta shiga da damina, kuma yuraniyam ne, wato ma'adinin da ake amfani da shi a tashoshin nukiliya, kwance jibge ba wanda ya sani. A lokacin kuwa farashinsa ya haura dala 100 a kan laba ɗaya, shi ya sa duk wanda na tuntuɓa sai ya ce ai abin na da tsada. Farashi na yi ta tambaya, ban taɓa tambayar ƙasar ba.

Sai da wayar mutumin ta daina shiga na kai dutsen wurin wani malamin ilimin duwatsu. Bai yi mini faɗa ba, ya dai zaunar da ni. Ya ce na'urar nan tururin da dutse ke fitarwa kawai take ji, ba ta san sunan abin da ke ciki ba. Yashin da masu haƙar kuza suka bari a Jos ma yana sa ta kuka, saboda wani sinadari da ake kira toriyam. Ko da yuraniyam ɗin ne, dutse guda da aka tsinta a sama ba ya faɗin abin da ke ƙasa. Sai an auna daji, an huda ƙasa rami bayan rami, an kai abin da aka ciro ɗakin gwaji, kafin a san yawansa da ko zai biya kuɗin haƙo shi. Mafi yawan wuraren da aka ga alama, a nan zancensu yake mutuwa.

Ku dubi Nijar, tunda 'yan uwanmu na fatauci har Agadas. A 1957 Faransawa suka ci karo da yuraniyam a Azelik suna neman tagulla, amma sai 1971 aka fara fitar da shi a Arlit. Imuraren kuwa tun 1966 aka gano ta, tana cikin manyan wuraren da ke da shi a duniya, amma aka dakatar da aikinta a 2014 saboda farashi ya karye bayan haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan a 2011, har ya gangaro ƙasa da dala 20 a 2016. Mai aikin a lokacin fa kamfani ne mai gwamnatin Faransa a bayansa. Ni kuma aka ce mini wata shida zan fara kwasar riba, na yarda.

Takardar lasisin da mutumin ya nuna mini ma hoto ce a waya. A dokar ma'adinai ta 2007, duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, lasisin bincike kuma na shekara 3 ne a karon farko, bai ba mutum damar haƙa ya sayar ba. Ofishin rajistar filayen ma'adinai yana Abuja. Kuɗin mota kawai zai ci in je in duba lambar da sunan mai ita, ban je ba. Kai ka je, ƙanena, kafin kwabonka ya fita.

Abin da ya fi cin raina ba kuɗin ba ne. Wata huɗu dutsen nan yana cikin akwati a ƙarƙashin gadon da yarana ke hawa su yi wasa. Malamin ya ce irin wannan dutse yana fitar da iskar radon mai illa ga huhu, ba a ajiye shi a ɗakin kwana. A daren ban runtsa ba.

Wanda harkar ta ba shi sha'awa da gaske, ana koyar da ilimin duwatsu a Bayero da Zariya, ya je ya karanta, ƙasar nan na bukatarsa. Ni dai har yanzu akwai sauran dila huɗu da nake biyan maigidana, kaɗan-kaɗan duk ƙarshen wata.