Mowe, Ikorodu ko Agbado: yadda muka zaɓi inda za mu sauke kaya

Idan mutum ya ce zai ɗauko iyalinsa daga Arewa ya kawo su Ikko, abin da kowa ke fara tambayarsa shi ne kuɗin haya. Ni nawa tambayoyin biyu ne: ƙarfe nawa ake son ganinka a wurin aiki, kuma matarka me za ta riƙa yi bayan ka sa ƙafa ka fita? A gidanmu ta biyun ce ta yanke hukunci.

Ina kula da sito a wani kamfani a Ikeja. Lokacin da nake ni kaɗai, ɗaki guda muke raba da 'yan garinmu a Agege, katifa da bokiti sun ishe ni. Agege kuwa ai gida ce. Tun zamanin da jirgin ƙasa da cinikin goro suka tara Hausawa a Zango ake zaune a nan, ga Sarkin Hausawa, ga Islamiyyu, ga masa da safe. Da so samu ne, can zan ajiye iyalina. Sai dai ɗaki da falo mai banɗaki a ciki ya fi ƙarfin albashina. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma kafin a ɗora na ejan, da na rubuta yarjejeniya, da wanda ake ajiyewa saboda ɓarna, sai ka ga lissafin ya tashi daga inda ka san shi. Dole aka fara duba bayan gari.

Mowe da Ibafo na fara zuwa, don kowa su yake ambata. A jihar Ogun suke, gidajen sababbi, haya da sauƙi. Matsalar ita ce hanya ɗaya ce tak, babban titin Legas zuwa Ibadan, kuma sai ka bi ta doguwar gadar nan kafin ka iso Berger. Tanka ɗaya ta faɗi, ko a yi babban taro a wuraren ibadar da ke gefen titin, ko Babbar Sallah ta ƙarato masu sayen rago su cika Kara, kasuwar dabbobi da ke bakin titin, to ranar nan sai ka yi sallar isha'i a gosulo. Wanda sana'arsa ke Kara, can ya dace da shi. Ni ko a'a.

Akwai kuma ruwa. Duk lokacin da aka saki madatsar Oyan, kogin Ogun kan cika ya shiga ƙananan wurare na wajen Isheri da Kara. Wani ejan ya kai ni wani gida a wannan yankin, fenti sabo fil, har ƙamshi yake. Na ce bari in kama ruwa, na zagaya baya. A bangon banɗaki, inda mai fenti bai kai ba, ga layin gansakuka nan ya ja miƙe daidai gwiwata. Na dawo na ce masa Allah ya sa albarka. In za ka duba gida a nan ƙasar, je ka da damina, ka kuma tambayi mai shagon da ke kusa, ba ejan ba.

Ikorodu ban daɗe ina tunaninta ba. Tana da Sabo, tana da motocin BRT da ke bi ta Mile 12 har cikin tsibirin Legas, ga jirgin ruwa. 'Yan gwari da masu albasa na Mile 12 sun more ta. Ni sai na sauka a hanya na sake mota, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama haya ta biyu da ake biya kullum.

Abin da ya ja ni Agbado jirgin ƙasa ne na Red Line, wanda aka ƙaddamar a watan Fabrairun 2024, ya fara ɗaukar fasinja a Oktoba. Kilomita 27 ne daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba. Da katin Cowry, katin biyan kuɗin sufuri na Legas, ake shiga. Yana da lokutansa, ba danfo (ƙaramar bas ɗin haya) ba ne da za ka ɗaga hannu ya tsaya, kuma hanyoyin cikin unguwa in an yi ruwa sai ka naɗe wando. Amma tasha uku ce tsakanina da aiki.

Duk da haka ban biya ba sai da na kira gida. Matata ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Baban Abba, in za ka kai ni inda ba mai jin maganata, ka fita da asuba ka dawo dare, to ka bar ni a Funtuwa kusa da Inna." Tana da takardar NCE, tana koyarwa a can, ba mai zaman jiran miji ba ce. Da ta zo, sai da muka bi makarantun unguwar da ƙafa. Na kuɗi suna da yawa, albashinsu ne abin tausayi. A ƙarshe matar limamin masallacinmu, Bayarabiya, ita ta kai ta wata makarantar Musulmi da ke neman mai koyar da Alƙur'ani da Larabci, ta kuma tsaya mata. Da yamma matan Hausawa na kawo yaransu karatu a tsakar gidanmu. In suna ko biki ya taso, ko kuka da daddawa sun ƙare, Agege tasha biyu ce.

Wannan tsayawar ita ce ƙashin bayan neman aiki a Ikko. Gadi ne, tuƙi ne, sito ne, za a ce ka kawo wanda zai tsaya maka, wanda aka san gidansa. Shi ya sa nake faɗa wa ƙannenmu kada su taho da mata da yara sai aiki ya kama, an ga albashi ya shigo. Kuma acaɓa ba madogara ba ce yanzu: a 2022 gwamnati ta haramta ta a ƙananan hukumomi goma, har da Ikeja, Apapa, Surulere da Mushin. Masu sa ran samu a matatar Ɗangote ko tashar jiragen ruwa ta Lekki kuwa, kada ma su kalli ɓangarenmu. Su nemi ɗaki a Ibeju ko Epe.

Yanzu Abba ya fi ni Yarabanci, shi ke yi mini ciniki wajen mai kifi. Mai gidanmu kuma ya lura jirgi ya ɗaga darajar unguwa, ya aiko cewa haya za ta ƙaru a shekara mai zuwa. Na kawo maganar mu matsa gaba wajen Ifo. Maman Abba ta ce ɗalibanta huɗu sun kusa shiga izu na goma, in je in roƙi Baba mai gida ya rage.