Takardar da na ninke na sa a aljihu

Alamar "+" ce guda ɗaya tal a gaban kalmar furotin, kuma ita ce har yau take ci mini rai.

Shekara biyu da rabi ke nan, zazzaɓi ya kai ni asibiti, likita ya haɗa mini da gwajin fitsari. Yaron ɗakin gwaji ya tsoma wani siririn tsinke mai layin launuka a cikin 'yar robar da na kawo, ya jira kamar minti ɗaya, ya kara shi da jikin kwalba yana gwada launi. Da ya miƙo takardar sai ya ce, "Baba, a nuna wa likita wannan, kuma in zazzaɓin ya tafi a dawo a sake." Na leƙa, layin ganin likita har bakin ƙofa, ga ɗinkin sallah jibge a shago. Na ninke takardar na sa a aljihu, na biya kemis na sayi maganin maleriya. Jiki ya yi daɗi, ban sake waiwayar asibitin ba.

Duk telan da ya daɗe a kan keke ya san ciwon baya. Ni diclofenac nake sha, wata rana ƙwaya biyu, kusan kullum. Da na fara ganin kumfa a fitsarina, irin wadda ba ta bajewa ko an jima, abokan zama suka ce sanyi ne, aka haɗa mini jiƙo. Na sha na tsawon watanni. Sai ranar da takalmina ya ƙi shiga, uwargida ta danna ƙaurina da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta ce, "Malam, wannan ba gajiya ba ce. Gobe asibiti."

A wannan karon "+++" aka rubuta. Jinina 170 bisa 100, ni da ban taɓa sanin ina da hawan jini ba. Aka ɗibi jini aka auna kiretinin, wato dattin da ƙoda ke fitarwa, aka ce aikin ƙodata ya ragu sosai.

Likitan, Allah ya saka masa, ya zauna ya yi mini bayani. Kowace ƙoda ba ta wuce girman dunƙulen hannu ba, amma a cikinta akwai ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya. A kwana guda suna tace ruwa wajen lita 180 daga cikin jini, sannan su mayar da kusan dukkansa jiki, abin da ke fita a matsayin fitsari wajen lita ɗaya da rabi ne kawai. Matatar kamar rariya take: ruwa da gishiri da suga da datti su wuce, ƙwayoyin jini da furotin su tsaya. Daga nan wasu siraran bututu su tsotse sugan da yawancin ruwa da gishirin su mayar. To idan aka ga furotin a fitsari, rariya ta fara yagewa ke nan, kuma shi ne yake yin kumfar. Hawan jini yana dukan rariyar dare da rana, magani irin wanda nake sha kuma yana rage jinin da ke isa ƙodar. Ni na haɗa mata biyun.

Na tambaye shi, to ita "+" ɗayan fa? Ya ce zazzaɓi kaɗai ko aikin ƙarfi na iya kawo ta, shi ya sa ake cewa a sake bayan an warke. Da na dawo aka ga tana nan, da an auna jinina tun a lokacin, an ɗora ni a kan magani mai sauƙin kuɗi, an raba ni da diclofenac. Abin da ya lalace a matatar ba ya dawowa, sai dai a tsare abin da ya rage. Wannan maganar ce ta hana ni barci. Awa ɗaya a layi na ƙi bayarwa.

Tsinken nan da na raina yana faɗin abubuwa da yawa. Suga ba ya fitowa a fitsari sai na jini ya haura wajen 180, don haka ganinsa alama ce ta ciwon suga. Jini ko da ido bai gan shi ba yana iya nuna tsakuwa, ko tsargiya ga wanda ya saba shiga rafi. Fararen ƙwayoyin jini kuma suna iya nuna ƙwayar cuta ta shiga mafitsara. Yanzu na iya kai fitsarin yadda ya kamata: na farkon asuba, a bar somin ya zuba a tari na tsakiya, a robar da suka bayar, a kai da wuri kada ya wuni a aljihu. Mace mai al'ada ta faɗa musu. Amma duk wannan banza ne in mutum ya karɓi takarda ya wuce gida kamar yadda na yi. Yarana na shago sun gaji da jin wannan daga bakina, kuma ba zan daina ba.

Alhamdu lillahi ban kai ga wankin ƙoda ba. Ina wucewa ta gaban ɗakin duk ranar ganin likita, ina ganin mutanen da ke zuwa sau biyu ko uku a mako, kowane zama awa huɗu, wasu sun sayar da gona. Gishiri da dunƙule sun ragu a miyarmu, ciwon baya sai farasitamol da miƙewa daga keke lokaci-lokaci, azumi ma sai da na tambayi likita kafin na ɗauka. Gwajin ƙarshe ya sauko zuwa "+".

Watan jiya ina neman allura a aljihun teburin keke sai ga tsohuwar takardar, a ninke yadda na bar ta, ta yi baƙi da man keke. Na kai wa likita. Ya daɗe yana kallon kwanan watan da ke jiki bai ce komai ba, sannan ya warware ta ya sa a gaban fayil ɗina.